Zauren Iyali: Ɗaki a Kan Taya, Waya Kuma Shiru

 

Cikin wasiƙun da suka iso mini akwai ta wata uwargida daga kudancin Kaduna, wadda tun ranar da na karanta ta ban sami sukuni ba. Ba zan ambaci sunanta ba, gama ba ta ba ni izini ba. Ga abin da ke tafe da ita. 'Yarta ma'aikaciyar jinya ce a Amurka, tana irin aikin nan da akan ɗauki mutum na mako 13 a wani asibiti, in wa'adi ya cika ya tattara ya koma wani gari. Don gudun neman gidan haya kowane wata uku, sai ita da mijinta suka sayi mota mai ɗaki a ciki. A nan suke kwana, a nan suke girki, da ita suke ƙaura daga jiha zuwa jiha. Uwargida ta ce ta haƙura da wannan, ko da yake har yanzu ba ta gane abin da zai sa mai albashi ya kwana a mota ba. Abin da ya hana ta barci shi ne shirun. Akan yi kwana uku, har huɗu, ta aika saƙo ba amsa, ta kira ba ya shiga. Kwanakin baya maigidanta ya kwanta a asibiti, aka yi kwana biyu ana neman yarinyar ba a same ta ba. Da aka same ta, sai ta ce wai babu sabis a inda suke. Ga tambayar uwargida: "A Amurka ne za a ce babu sabis? Ko dai yarinyar nan ta soma ɓoye mini wani abu ne?"

Uwargida, ki kwantar da hankalinki, 'yarki ba ta yi miki ƙarya ba. Ni kaina na yi kwana 12 cikin irin wannan mota tare da wani abokina tsohon malamin makaranta da mai ɗakinsa, muka zaga hamadar Arizona da Nevada cikin watan Janairu. Gani ya kori ji. Amma ba zan tsaya kan ba ki haƙuri kawai ba, gama shirun nan yana da magani, wani sashensa a hannun 'yarki, wani a hannunki.

Bari in soma da motar, saboda waɗanda ba su taɓa ganinta ba. Mutanen can suna ce da ita RV. Wata girmanta kamar babbar bas ce, wata kuwa ɗaki ne kawai a kan taya, a-kori-kura ke janta. A ciki akwai gado, da murhun gas, da firiji, da makewayi, da tankin ruwa. Yawancinsu a jihar Indiyana ake ƙera su, a kewayen wani gari da ake kira Elkhart, kuma a shekarar 2021 kaɗai an fitar da fiye da 600,000 daga masana'antu. Waɗansu don hutu suke saye, su fita mako biyu su komo gida. Waɗansu kuwa ba su da wani gida sai ita: tsofaffin da suka bar aiki, da masu bin aiki gari gari kamar 'yarki, da waɗanda kuɗin haya ya fi ƙarfinsu.

To, me ya sa waya takan yi shiru? Wayar hannu ƙaramar rediyo ce. Ba ta magana da kowa sai ƙarfen sabis da ke kusa da ita, shi ne yake miƙa maganar gaba. Ƙarfen nan kuwa kuɗi ne: a kafa shi, a kai masa wuta, a yi ta lura da shi. Kamfani ba ya kafa shi sai inda akwai mutanen da za su biya. Yammacin Amurka kuwa fili ne fetal. Dubi jihar Nevada. Girmanta ya kusa kashi ɗaya cikin uku na Nijeriya duka, amma a ƙidayar 2020 mutanenta miliyan 3 ne da 'yan kai, yawancinsu kuma sun taru a Las Vegas da Reno. In ka bar babbar hanya, kana iya tafiyar sa'a guda ba ka ga ko bukka ba. Wa zai kafa wa kadangaru ƙarfen sabis?

Ga kuma abin da ya ƙara dagula al'amarin. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Nevada ta gwamnatin tarayya ce, haka kuma manyan filaye a jihohin da ke maƙwabtaka da ita. A yawancin filayen nan an yarda mutum ya ajiye motarsa ya kwana kyauta har kwana 14, sa'an nan ya gusa. A sansanin da ke kusa da gari kuwa kowane dare sai ka biya. Wato inda kwana ya fi araha, da inda wuri ya fi kyaun gani, nan ne sabis ya fi wuya. Uwargida, ki lura da kwanakin da 'yarki takan yi shiru. Ma'aikatan jinya a can da yawa sukan yi kwana uku suna aikin sa'a 12, sa'an nan su huta kwana huɗu. Sa'ad da take aiki tana cikin gari, wayarta na shiga. Ranar hutu ce suke tuƙa gidansu su nufi daji. Ina kyautata zaton in kin duba, za ki ga shirun yana bin wannan lissafi.

Ko inda akwai ƙarfe ma, dutse yakan tare. Mun sauka a wani kwari wata rana, wayar kowa ta mutu murus. Abokina ya hau wani tudu, tafiyar da ba ta fi minti goma ba, sai ga shi yana hira da jikarsa. Kowace safiya haka ya riƙa yi, da sandarsa da kofin shayi, har matarsa ta sa wa tudun suna ofis. Taswirar da kamfanoni suke bugawa, wadda aka shafe da launi don nuna inda sabis ɗinsu ya kai, lissafin na'ura ce, ba wanda ya bi kwari kwari ya gwada. Matafiya sun fi gaskata junansu. Kafin su nufi wani sansani, sukan karanta abin da waɗanda suka riga su kwana a wurin suka rubuta: layin wane ya kama, na wane bai kama ba.

Akwai ma wurin da aka hana da gangan. A tsaunukan West Virginia, tun 1958 aka keɓe wani yanki mai faɗin murabba'in mil 13,000, inda aka taƙaita na'urorin aika sauti, domin kada su dami babban faifan da masana suke sauraron sararin sama da shi a Green Bank. Wanda ya kai motarsa kusa da faifan nan ya ce wayarsa ba ta shiga, kada a zarge shi.

Manyan kamfanonin waya a Amurka uku ne: Verizon, da AT&T, da T-Mobile, wanda ya haɗiye Sprint a 2020. Ba wanda ya rufe ƙasar duka a cikinsu. Inda wannan ya kama, wancan ya ɓace. Saboda haka dabara ta fari, wadda ta fi kowace sauƙi, ita ce mata da miji kada su riƙe layin kamfani ɗaya. Wannan ba sabon karatu ba ne gare mu, mu da muka saba da waya mai sim biyu tun da daɗewa. Amma a can akan yi wa iyali rangwame in duka suka shiga kamfani ɗaya, rangwamen nan kuwa shi ne tarkon. Ga mai zaman gari riba ce. Ga mai yawo a daji, ranar da layin ya ɗauke, ya ɗauke wa kowa a motar.

Ita wayar ma da bambanci. Sautin da ke tafiya nesa, ya ratsa itatuwa, shi ne na ƙananan zango, wato mita 600 da 700 a ma'aunin megahaz, waɗanda dā gidajen talabijin ke amfani da su kafin gwamnati ta sayar wa kamfanonin waya. Su ne suke riƙe da ƙauyuka. Wayar da aka yi domin kasuwar wata ƙasa sau da yawa ba ta jin waɗansu daga cikinsu. Tawa da na je da ita daga gida ta yi aiki sarai a cikin birni, muna fita sai ta zama agogo. Tsohuwar waya kuma mai aiki da 3G kaɗai ba ta da sauran amfani a layin manyan kamfanonin nan, gama dukansu sun rufe wannan tsari a 2022.

Wata matsalar kuma ba rashin sabis ba ce, yawan jama'a ce. A Arizona akwai wani ɗan gari, Quartzsite, wanda mazaunansa ba su kai 2,500 ba a ƙidayar 2020. In sanyi ya shigo arewacin ƙasar, masu motocin nan sukan gangaro can dubbai bisa dubbai, su baje a hamada, a yi babbar kasuwa a watan Janairu. Mun kwana uku a wurin. Wayar abokina ta nuna sabis a cike, amma hoto ɗaya ya ƙi tafiya tun hantsi har la'asar. Rijiyar da aka haƙa domin unguwa ce, gari guda ya zo ɗiba. Sai da asuba, sa'ad da mutane ke barci, saƙonni suka shigo rututu. A irin wannan cunkoso kamfani yakan fifita waɗanda suka biya tsari mai tsada, masu araha su jira a baya. Kalmar nan "ba iyaka" da ake rubutawa a talla, a karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinta. Sau da yawa datar da aka yarda ka raba wa kwamfuta daga wayarka tana da iyaka, in ka wuce sai a rage maka gudu har abin ya zama tafiyar hawainiya. Intanet na kyauta da masu sansani suke alkawari kuwa, da safe yana da dama dama, da dare in kowa ya kunna fim, sai haƙuri. Fim na sa'a guda yana iya cin gigabait 1, in mai tsabtar hoto ne har 3.

Jikin motar kansa abokin gāba ne, musamman waɗanda aka yi da goran ruwa, irin su Airstream masu ƙyalli. Ƙarfe yana tare sauti. Shi ya sa za ka ga eriya a kan rufi, ko a kan doguwar sanda, an jawo wayarta zuwa wata 'yar na'ura a ciki mai ɗaukar sim, ita kuma ta raba wa duk wanda ke motar. Akwai kuma na'urar ƙara ƙarfi, wadda take kama sabis mai rauni a waje ta ƙarfafa shi a ciki. Tana da amfani, amma masu talla sukan zuzuta ta fiye da kima. In akwai ɗan abin da za ta kama, ko sanda ɗaya ne, za ta iya mai da shi abin kira. In babu kome, ba ta ƙaga shi. Lasifika ba ta yi wa bebe magana. Hukumar sadarwa ta ƙasar ta kafa mata dokoki a 2013: sai wadda aka amince da ita, kuma sai mai ita ya yi rajista da kamfanin layinsa.

Abin da ya sauya al'amarin matafiyan nan ƙwarai shi ne tauraron ɗan adam. Dā ma akwai intanet ta wannan hanya, amma taurarin suna can nesa, kusan kilomita 36,000, irin waɗanda faifan talabijin na gidajenmu yake kallo. Kafin magana ta hau ta sauko ta komo, an yi fiye da rabin daƙiƙa, hira ta zama kamar ta kurame, ga wahalar saita faifan duk inda aka sauka. Kamfanin SpaceX ya soma harba taurarin Starlink a 2019, dubbai, suna yawo ƙasa ƙasa, wajen kilomita 500 daga doron ƙasa. A watan Mayu na 2022 ya fito da tsari domin masu motocin nan, wanda daga baya aka sa wa suna Roam. Faifan kamar faranti yake, ka ajiye a ƙasa ko a kan rufi, shi da kansa yake neman taurarin. A 2024 aka fito da ƙarami, Mini, wanda yake shiga jakar baya. Waɗansunku sun san shi, gama Nijeriya ce ƙasar fari a Afirka da ya soma aiki, a farkon 2023. In faifan yana aiki, ba WhatsApp kaɗai ba, har kiran waya na yau da kullum yana iya bi ta kansa, in an kunna wannan a cikin wayar.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Na ɗaya, kuɗi: a sayi faifan, a kuma biya kowane wata. Na biyu, yana son sarari. Reshen itace ɗaya ya isa ya riƙa yanke magana kowane 'yan mintoci. Matafiyi yana neman inuwa, faifai yana neman rana, ga shi igiyar da ta haɗa su ba ta da tsawo ainun. A manyan kurmin Oregon da Washington, inda itatuwa suka rufe sama, akan rasa duka biyu, na ƙarfe da na tauraro. Na uku shi ne wuta, wanda mutane sukan manta da shi. Motar da ta sauka a daji ba ta da lantarki sai na batir da sola, ko janareta. Babban faifan yana cin wat 75 zuwa 100. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 abin da yake riƙewa wajen wat 1,200 ne na sa'a guda. Ku yi lissafi: ko ba a kunna kome ba sai faifan, ba zai kai shi kwana guda ba, ga firiji yana jira, ga fitila. In batirin irin na dā ne mai ruwa, rabinsa kaɗai ake ci, in ba haka ba ya lalace. Ƙaramin faifan wat 25 zuwa 40 yake ci, shi ya sa masu zaman daji suka fi son sa. Saboda haka da yawa sukan kunna sa'a biyu ko uku a yini, su kashe. In hadari ya rufe rana kwana biyu, mai faifai ma sai ya yi shiru.

Duk wannan maganar jin daɗi ce da hira. Yanzu ga maganar rai.

A ƙarshen watan Maris na 2022, wani dattijo da matarsa suna ratsa Nevada cikin motarsu mai ɗaki. Suka bi abin da na'urar nuna hanya ta faɗa musu, ta sauke su daga kwalta, ta kai su wata hanyar burji cikin duwatsu. Motar ta kafe. Suna jan wata ƙaramar mota a baya, sai suka kwance ta suka shiga don neman taimako. Ba su ɗebi ruwa ko bargo ba, gama sun zaci yanzu za su komo. Ita ma ta kafe. Ba sabis. Aka yi fiye da mako guda ana nemansu. Sa'ad da masu nema suka ji ƙarar hon suka isa wurin, mijin ya riga ya rasu, matar kaɗai aka samu da rai. Saƙon neman taimako da aka rubuta a waya bai isa ga danginsu ba sai bayan an ɗauke ta daga wurin. Jaridun ƙasar duka sun ba da labarin.

Abin da ya fi ba ni tausayi a ciki shi ne, waya tana iya sanin daidai inda take ko ba sabis, gama taurarin nuna wuri sauraronsu kawai take yi. Ta san inda take, amma ba ta da bakin faɗa wa kowa. Taswirar ma, in ba a sauke ta a cikin wayar tun ana gari ba, sai ka ga ɗigo a kan farin allo.

Tun daga lokacin an sami ci gaba. A watan Nuwamba na 2022 wayar iPhone 14 ta soma aika saƙon neman ceto kai tsaye ta tauraro, a 2024 kuma aka ƙara mata aika gajeren saƙo ga dangi. A 2025 T-Mobile ya buɗe irin wannan tare da Starlink. Tun kafin waɗannan akwai wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, inReach ta kamfanin Garmin, wadda take aiki da taurari 66 na Iridium da suka kewaye duniya duka. Tana da maɓallin neman ceto da ake amsawa dare da rana, tana aika gajeren saƙo zuwa waya ko imel, tana kuma iya nuna wa na gida inda matafiyi yake a taswira. Batirinta yakan yi kwanaki. Ana biyan kuɗin wata, amma bai kai na faifai ba. Dukansu suna bukatar a fito fili a ga sama. A ganina, wanda zai kai iyalinsa inda ba kowa, wannan ya kamata ya fara saye kafin abin kallon fim. A kuma tuna, lambar gaggawa ta ƙasar, 911, doka ta tilasta wa kowane kamfani ya karɓe ta ko daga wayar da ba ta layinsa ba. Ko wayarka ta ce ba sabis, ka gwada, wataƙila ƙarfen wani yana kusa.

Amma da za a tambayi tsofaffin matafiya, waɗanda suka yi wannan rayuwa tun ba a san wayar hannu ba, da dariya za su yi mana. A zamaninsu wasiƙa ce da tarhon bakin hanya mai cin kwabbai. Wata ƙungiyarsu, Escapees, wadda aka kafa a 1978, har yanzu tana karɓar wa 'ya'yanta wasiƙu a garin Livingston na Texas, ta tara, ta aika musu duk inda suka ce. Gidan waya kuma yakan riƙe wa baƙo wasiƙarsa har kwana 30. Su dokarsu ɗaya ce: kafin ka bar gari, ka faɗa wa wani inda za ka, ta wace hanya, da ranar da zai ji daga gare ka. In ranar ta wuce bai ji ba, ya san inda zai tura a nema. Abokina har yanzu haka yake yi, ga kuma taswirar takarda a ƙarƙashin kujerarsa, duk ta sha shayi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, ke 'yata, in mujallar nan ta iso hannunki, da ke nake. Ba wanda ya hana ki hutawa, aikin jinya ba wasa ba ne. Amma mahaifinki ba shi da lafiya, wanda yake da majiyyaci a gida kuwa ba shi da ikon ɓacewa kwana huɗu. Kafin ku bar kwalta, ki aika wa mama sunan wurin, da ranar fitowa, ki ce mata a fili, "Daga yau zuwa Asabar ba za ki same ni ba." Ke da maigidanki ku raba layi. Ki ba mama lambar mutum guda a Amurka, amini ko ɗan'uwa, wanda ya san inda kuke, wanda kuma zai iya kiran ofishin sansanin ko ma'aikatan gandun daji su zo su ƙwanƙwasa muku ƙofa. In kuna da na'urar tauraro, ki sa wa kanki lokaci guda kowace rana da za ki kunna ki duba, ko minti biyar ne. Ki kuma tuna da banki: in lambar sirri ta saƙon waya suke aiko miki, ranar da za ki aika kuɗin magani da gaggawa kina cikin daji, ba za ta iso ba, sai dai in kin shirya wata hanya tun kina gari.

Ke kuma uwargida, ga abin da zai raba ki da zargi. In kin aika saƙo ta WhatsApp, ki dubi ɗan makin da ke gefensa. In guda ɗaya ne, saƙon ya bar wayarki amma bai isa tata ba, wato ko ba sabis, ko wayar a kashe take. In biyu ne, ya isa. In sun zama shuɗi, ta buɗe. Maki ɗaya na kwana uku, wanda daga baya ya koma biyu, shaidar daji ce, ba ta ɓoye-ɓoye ba. In magana ta gaggawa ce, kada ki aika murya mai tsawo ko hoto, gama sabis mai rauni ba ya iya ɗaukarsu. Ki rubuta gajere, ko ki sa jika ya rubuta miki, a sa kan maganar a layin fari: wane ne, me ya faru, wa za a kira. Irin wannan yakan silale ya shiga ko a kan tudun abokina. Sa'an nan ki riƙa lissafin lokaci. Arizona tana bayanmu da sa'a 8 duk shekara, gama yawancin jihar ba sa juya agogo. Nevada kuwa sa'a 9 ce da sanyi, 8 da zafi. Kiran da kika yi da ƙarfe 10 na safe, bayan kin gama shara, ƙarfe 2 na dare ya same ta.

Ki gai da maigida da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. In kin yi magana da yarinyar, ki sake rubuto mini in ji yadda kuka shirya. Akwai wasiƙu biyu a kan rikicin kuɗin makaranta tsakanin wa da ƙane, su za mu duba a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.